Ciyawar Roba: Aikin Yana Ƙarƙashin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin ƙwallo na wata makaranta a Samaru Kataf cikin watan Agusta ya san halin da samari suke shiga. Ruwa ya sauka da azahar, kafin la'asar bakin raga ya zama taɓo, mai tsaron gida sai ka ce wanda ya fito daga aikin fadama. Da rani kuwa ciyawa ta bushe, ƙura ta turnuƙe. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan ƙungiyar gari, ko mai makaranta, ko wani attajiri ya yi sha'awar irin ƙananan filayen nan masu ciyawar roba da suka yawaita a Abuja da Kaduna da Kano, inda samari suke biyan kuɗi su buga 'yan biyar-biyar. Niyya ce mai kyau. Amma fa kafin a zuba kuɗin jama'a, ya kamata a san inda aikin yake.

Ita wannan ciyawa ba baƙuwa ba ce a duniya. Ta yi suna ne tun 1966, sa'ad da aka shimfiɗa ta a filin Astrodome na birnin Houston a Amurka, bayan ciyawa ta gaske ta mutu a ƙarƙashin rufin filin. A 2004 aka shigar da ita cikin dokokin ƙwallon ƙafa. A 2009, da Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, filin Teslim Balogun na Legas yana cikin waɗanda aka yi wasa a kan irinta.

A Legas da sauran garuruwan bakin teku, abokan gabanta su ne laima, da ruwan da yake kusa da saman ƙasa, da iskar gishiri mai cinye ƙarfen shinge da turakun raga. Kudancin Kaduna ba shi da teku, amma iskar da take tasowa daga can tana cin karo da duwatsun Kagoro da gefen tsaunukan Jos, ta zubar da ruwa daga Afrilu har Oktoba, fiye da na Kano da Katsina nesa ba kusa ba. Ga lissafi mai sauƙi. Fili mai tsawon mita 40 da faɗin mita 20, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, lita 40,000 ce za ta sauka a kansa, watau cikin durom 200. Ciyawar roba ba ta shan ko ɗigo. Ƙananan huji ne kawai a bayanta, ruwa ya bi ya sauka. Idan bai sami hanya a ƙasa ba, sai ya kwanta, ya ɗaga shimfiɗar, ya kwashe yashin da ke cikinta.

Don haka mafi yawan aikin ba a ganinsa. Da farko a kwashe ƙasar sama da saiwoyi har a iske ƙasa mai tauri. A daidaita ta da ɗan gangare, kamar santimita ɗaya a kowace mita. A haƙa ramuka a binne bututu masu huji waɗanda za su kai ruwa babbar kwata, ba gidan maƙwabci ba. A zuba tsakuwa manya, a bi da ƙanana, a daddaɓe da inji. Jar ƙasar marmara tana da ƙarfin ɗaukar nauyi, amma idan ta daddaɓu ba ta barin ruwa ya wuce da sauri, saboda haka ba ta maye gurbin tsakuwa. Sai an gama wannan duka a shimfiɗa ciyawar, a manne gaɓoɓinta, a zuba wankakken yashi a tsakanin zarenta. Gam ba ya kamawa sosai a kan danshi. Lokacin aikin shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan shimfiɗawa ma da sauran aiki. Ƙurar hunturu tana toshe hujin ciyawar, ganyen mangwaro yana ruɓewa a kanta, gansakuka kuma tana fitowa a wurin inuwa ta sa santsi. Lalle ne a riƙa share ta da buroshi a kai a kai. Har ila yau roba tana ɗaukar zafi: da tsakar rana a watan Maris samanta yana iya wuce digiri 60, kuma wanda ya zame a kanta yakan ɗaye fata. Wannan yana cikin kukan da 'yan wasa mata suka yi kafin gasar duniya ta 2015 a Kanada. Garin tsofaffin tayoyi da ake haɗawa da yashi shi ma ruwa yakan kai shi rafi. A 2023 Tarayyar Turai ta yanke shawarar hana sayar da irinsa daga 2031. A ƙasar manoma, wannan abin lura ne.

Sa'an nan kuma ciyawar ba ta dawwama. Shekara 8 zuwa 10 ta ƙare, sai a sake saye. Wanda bai riƙa ajiye wani abu daga kuɗin shiga ba zai wayi gari da tsumma a fili.

Saboda haka idan ɗan kwangila ya zo da guntun ciyawa kore shar a jakarsa, tambayar farko ita ce: ina ruwan zai bi? Idan ya yi inda-inda, a sallame shi. Idan kuwa kuɗin da aka tara ba zai ishi tsakuwa da bututu da ciyawa gaba ɗaya ba, gara a yi magudana, a daidaita fili, a dasa ciyawa ta gaske. Ƙasar da take samun ruwan wata bakwai, ga kuma makarantar koyon aikin gona ta Kwalejin Nuhu Bamalli a cikin garin, ba ta rasa yadda za ta raya ciyawa ba. Araha dai ba ta ado, kuma filin da aka yi wa rowar tsakuwa, damina ta farko ce take tona asirinsa.