Aksil Na Jan Kaya Da Aksil Na Gudu

In kaka ta yi a Mandera da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Boɗinga da Shagari, abin da ke damun manomi shi ne kwasar amfani. Ga gero da dawa da wake a gona, in rani ya yi kuma ga albasa a fadama, kowa yana son kayansa su fita bakin kwalta, watau babbar hanyar nan da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal ta nufi Jega. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu, 2023, kowane sawu mota ta yi kuɗi ne masu yawa. Saboda haka mai a-kori-kura ya kan yi tunanin ya sa mai walda ya haɗa masa 'yar tirela, watau amalanken ƙarfe, ya ɗaura a baya, ya kwashe kayan sawu biyu a sawu ɗaya. Tunanin ba shi da laifi. Amma fa da yawa su kan ɗaura ba tare da sun tambaya ko aksil ɗin motar na jan kaya ne ko kuwa na gudu ba, sai an ji ƙaurin kuloci a tsakiyar rairayi, ga buhunan albasa suna shan rana, ga kasuwa tana shirin tashi.

To, ga yadda abin ya ke. Cikin kumburin nan mai kama da tulu da ke tsakiyar aksil na baya akwai ƙarafa biyu masu haƙora, ƙarami da babba. Ƙaramin yana haɗe da farfela, dogon ƙarfen da ya taso daga giyabos. Babban kuwa kamar faifai ya ke, shi ke juya tayoyi. In faifan yana da haƙora 41, ƙaramin yana da 10, sai farfela ta juya sau 4 da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Shi a ke kira 4.10. In haƙoran 43 ne da 10, ya zama 4.30. In 41 ne da 9, ya zama 4.56, in kuwa 39 ne da 8, ya zama 4.88. Duk waɗannan ana samunsu a motocin Toyota Hilux, waɗanda aka soma ƙerawa tun 1968. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙarfin jan mota, gwargwadon kuma raguwar gudunta. Duk wanda ya taɓa sake wa keke faranti ya san wannan: in na baya babba ne, tuƙi ya kan yi sauƙi ko da buhu a kariya, sai dai ƙafa za ta yi ta juyawa, tafiya kaɗan.

Malaman ofis da 'yan kasuwa masu son lissafi sai su duba wannan. A ɗauka taya tana cin mita 2.4 a juyi ɗaya, mota kuwa tana tafiyar kilomita 80 a awa cikin giya ta huɗu, wadda a yawancin motocin nan masu giya biyar juyin inji da na farfela ɗaya ne. Da aksil 4.10 inji zai juya misalin sau 2,280 a minti. Da 4.56 zai juya misalin sau 2,530, da 4.88 kuwa misalin 2,710. Wanda ya bar 4.10 ya koma 4.56 ya ƙara wa tayarsa ƙarfin turi kashi 11 cikin 100 a kowace giya, ya kuma ƙara wa injinsa juyi kashi 11 cikin 100 a kowane kilomita, ko da kaya ko ba kaya. Nan ne mai ya ke tafiya, musamman ranar da mota ta ke dawowa wayam.

Akwai magana ɗaya da masu sayar da kayan mota ba su cika faɗi ba. A kan kwalta, mutum ba ya bukatar sake aksil don ya ja tirela. Giyabos ya ishe shi. In ya bar ta biyar ya zauna a ta huɗu, ya sami fiye da abin da sabon aksil zai ba shi, bai biya ko kwabo ba, ya kuma hutar da giya ta biyar, wadda dā ma ba don jan nauyi aka yi ta ba. Inda aksil ke amfani shi ne wurin tashi, domin babu wata giya ƙasa da ta farko. Mota tana tsaye a bakin gona, tayoyi sun ɗan nutse, tirela cike, a nan direba ya kan riƙe kuloci rabi yana taka mai har faifan kulocin ya ƙone. Ƙasar Shagari da Boɗinga ba ta da tsaunuka na a zo a gani, amma rairayi ya fi tudu cin ƙarfin mota, haka kuma laka in ruwa ya sauka.

Saboda haka shawarar da ta fi ita ce mutum ya dubi hanyar da ya fi bi. Manomin da aikinsa fid da kaya ne daga fadama zuwa bakin titi, da tsohuwar Hilux mai ƙaramin inji, 4.56 ya dace da shi. Ɗan kasuwar da ke loda a bakin kwalta ya nufi Sakkwato ko Aliero, ya bar 4.10 ko 4.30 ɗinsa yadda ya same shi, ya sa kuɗin a birki da taya. Lamba 4.88 ta mai manyan tayoyi ce, ga wani ba shi ba ihun inji ne kurum. Sababbin nan masu shan gas da turbo da giya shida, waɗansunsu 3.58 gare su, kada ƙanƙantar lambar ta tsorata kowa, injinsu yana da ƙarfi tun yana juyawa a hankali, giyarsu ta farko kuma an yi ta da nauyi. A ƙyale su. Fijo 504 a-kori-kura kuwa, irin wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, ta yi wa manoman ƙasar nan bauta, amma tsufa ya kama ta, zalunci ne a ɗaura mata babbar tirela.

Zancen taya yana bukatar a tsaya a kansa. Samari suna son manyan tayoyi don ado da tsallake kwazazzabo, ba su san sun sake aksil ba tare da sun taɓa shi ba. Motar da ke da 4.10, in aka cire mata taya mai tsawon inci 28 aka sa mai inci 31, ta koma kamar mai 3.70. Sau da yawa mai mota ya kan yi kukan injinsa ya mutu, alhali taya ce ta kashe shi. Mayar da taya ta asali ya fi araha nesa da buɗe aksil.

Kafin a sayi kome, sai a san abin da ke cikin motar. Tsofaffin Toyota suna da ɗan faranti a jiki mai lambobi, inda G292 ke nufin 4.10, G252 kuma 4.56. Amma motar da ta wuce hannu biyar, wa ya san abin da aka sauya? Gwaji ya fi. A tokare tayoyin gaba da dutse, a ɗaga taya ɗaya ta baya da jak, a cire giya, a saki birkin hannu, a yi wa taya da farfela alama da alli. A juya tayar sau 20, ana ƙirga juyin farfela. In ta juya sau 41, to 4.10 ne, in ta kai 45 da rabi, 4.56 ne. In tayar ta ƙi juyuwa ita kaɗai, aksil ɗin mai riƙo ne, sai a ɗaga duka biyun a juya sau 10. Haka wanda ya je sayen na hannu, kada ya yi cinikin biri a sama, ya sa a ƙirga haƙoran a gabansa. Ƙarafan nan biyu kuwa tare a ke wasa su tun a masana'anta, ba a ɗauko faifan wannan a haɗa da ƙaramin wancan. Ya fi kyau a sayi kan ɗungurungum a haɗe, domin daidaita tsakanin haƙora aikin ma'auni ne, makanikin da ya yi da ido zai bar mota tana kuka har haƙoran su cinye juna. In sababbi aka sa, a yi misalin kilomita 800 ba tirela, sa'an nan a juye man giya a zuba sabo.

Mai mota mai ja da ƙafa huɗu, tilas aksil na gaba da na baya su zama lamba ɗaya, in ba haka ba ranar da ya sa giyar taimako wani ƙarfe zai karye. Shi dā ma yana da ƙaramar giyar nan da ke ninka ƙarfi fiye da sau biyu, ta ishe shi fita daga rairayi, muddin zai cire ta da zarar ya hau kwalta. Wanda ya sake aksil a tsohuwar mota kuma ya tuna agogon gudu zai riƙa nuna fiye da gaskiya, mai lissafin kuɗin haya da kilomita ya lura.

Saura babbar magana. Aksil yana taimakon mota ta tashi, ba ya taimakonta ta tsaya. Masu ƙera Hilux sun yarda sababbin su ja har kilo 3,500, amma sai in tirelar tana da birkinta. In ba ta da shi, iyaka kilo 750, har da nauyin ita kanta tirelar. Yawancin waɗanda a ke haɗawa a wurin masu walda ba su da birki ko kaɗan. In ƙarfenta ya kai kilo 350, abin da ya rage buhun taki 8 ne masu kilo 50. Wanda ya loda mata buhu 40 ya hau hanyar Jega, ranar da shanu ko ɗan makaranta suka ratsa gabansa, tirelar ce za ta tura shi. A sa mata birki tukuna, a ɗaura sarƙa biyu ban da ƙugiya, a jera kaya yadda misalin kashi ɗaya cikin goma na nauyin zai kwanta a kan ƙugiyar, domin tirela mai nauyin baya ta kan yi lilo. Cikin zafin Afrilu kuwa, sa'ad da ma'aunin zafi ke wuce 40 a ƙasar Sakkwato, a wanke lagireto, a fita da asuba, a kuma sa ido ga allurar zafi tun daga bakin gona.