FARIN KASHI A AKURKIN TALAKA

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa da 'yan kasuwa na Yankwashi da Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, yau zancen kaza za mu yi. Mai garken shanu ya yi dariya in ya ga dama. Mu dai mun sani kaza ita ce asusun matar talaka. Da ita a ke sayen maganin yaro, da ita a ke biyan kuɗin littafi, da ita a ke fita kunyar baƙo. Ran da ciwo ya share akurki, gidan nan ya yi hasarar da ba mai rubuta ta a ofis.

Kowa ya san ciwon da ido. Mutum ya ci bashi ya sayo 'yan tsaki ɗari, waɗanda mota ta kwaso tun daga Ibadan ta sauke a Kano. Kafin su yi mako biyu sai ya ga sun takure wuri guda, fukafukai a sake, farin kashi ya manne musu a gindi, kullum safiya sai ya kwashe matattu. In manyan kaji ne ko zabi, sai su ƙi cin abinci, su yi ta zawo ruwan ɗorawa har su mutu. Mai kaji ya ce sanyi ne, maƙwabci ya ce baki ne. Alhali kuwa sau da yawa wata ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani, sunanta salmonela. A Amurka aka gano wani irinta cikin 1885, a jikin alade, aka sa mata sunan wani likitan dabbobi, Daniel Salmon. Mu ba ma kiwon alade, amma ita ba ruwanta da wannan. Irinta ya fi 2,500, kaza da saniya da ɓera da mutum duk gidanta ne.

To, ga inda maganar ta shafi wanda ko kaza ɗaya ba shi da ita. Irin da ke kashe kaji ba kasafai ya ke taɓa mutum ba. Akwai wani iri kuma wanda ke barin kaza garau, tana kiwo tana ƙwai, amma yana cikin hanjinta, wani lokaci har cikin ƙwan. Wanda ya ci ƙwai ko naman da bai dahu sosai ba, daga awa 6 zuwa kwana 3 sai zazzaɓi da murɗar ciki da gudawa. Ƙato ya kan warke cikin mako guda. Jariri da tsoho su ne ruwan jikinsu ke ƙarewa. Taifot ma danginta ne, amma shi daga mutum ya ke zuwa ga mutum ta ruwa da abinci, kada a ɗora wa kaza laifinsa.

Kazar da ta yi ciwon ta tashi, ita ce abar tsoro, don tana riƙe da ƙwayar tana zuba ta cikin ƙwai, ɗan tsako ya ƙyanƙyashe da cutarsa. Sauran kuwa kashi ne ke yaɗa ta. Ya faɗa cikin kaskon ruwa, ɓera ya taka ya shiga buhun dusa, dillali ya ɗauko a takalminsa daga wannan gida zuwa wancan, da kejin da bai ga ruwa ba tun ran da aka saƙa shi.

Abin da ke hannunmu ba ya cin kuɗi mai yawa. Kazar da aka sayo a kasuwa, ko aka komo da ita ba a sayar ba, a ware ta ita kaɗai mako biyu ko uku kafin ta gamu da na gida. Mai gonar kaji ya ajiye takalmi ɗaya a bakin ƙofa wanda ba ya fita ko'ina, kuma ya tsai da mai saye a waje ko da surukinsa ne. In an kwashe kaji a share ɗakin, a wanke, a bar shi ya sha iska kafin a zuba sababbi. Mushe a haƙa rami a binne, ban da jefawa bayan danga. Mai shayi kuma ya bar sayen fasasshen ƙwai don araha, ya soya ƙwai har gwaiduwa ta daskare. Kafson da a ke sayowa a kemis a barbaɗa wa kaji cikin ruwa ya kan rage mutuwa, amma ba ya fid da ƙwayar daga jikinsu, sai dai ya koya mata jure magani, ran da yaro ya kwanta a ba shi irin maganin nan ya ƙi ci.

Akwai magana mai ɗaci da za mu faɗa wa 'yan'uwanmu masu sayar da kaji. Wanda ya ga ciwo ya shigo ya yi maza ya kai sauran kasuwa, ya kwashe hasararsa ne ya zuba wa gida goma. Mun san dalili: bashi ne a wuyansa, kuma ba mai biyansa in ya faɗi gaskiya. Lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye a Jaji cikin Fabrairun 2006, Naira 250 Gwamnatin Tarayya ta yanka diyyar kaza ɗaya, ƙasa da kuɗinta a kasuwa. Wa zai kai kansa?

Ku dubi ƙasar Suwidin. Cikin 1953 nama daga mayanka ɗaya a garin Alvesta ya kwantar da mutum wajen 9,000, kamar 90 suka mutu. Hukuma ba ta ce ƙaddara ce ta naɗe hannu ba. Ta kafa doka cikin 1961, a ke gwada dabbobi da abincinsu, gonar da aka samu cutar a rufe ta sai ta tsarkaka. Ba mu ce Karkarna ta zama Suwidin ba. Amma tun 1924 a ke da ma'aikatar binciken ciwon dabbobi a Vom, tana kuwa yin allurar rigakafin wannan ciwo na kaji. Me ya hana ta iso ƙauye cikin sanyinta? Ba kowane farin kashi ne salmonela ba, sai malamin dabbobi ya duba ya rarrabe. Mace mai kaza bakwai a Gwiwa, ina za ta gan shi?

Kowace ranar kasuwa mai rasit ba ya makara. Tun da ana karɓa, muna neman ƙananan hukumominmu su sa famfo ko rijiya a wurin masu figar kaji, don su daina tsoma kaza hamsin cikin ruwa ɗaya, su gina dakalin siminti wanda a ke iya wankewa. Muna neman duba-gari da malamin dabbobi su tsaya a layin kaji ran kasuwa, a san ranarsu, a san inda a ke samunsu. Gwamnatin Jigawa kuma ta tilasta wa masu kawo 'yan tsaki su nuna takardar gidan da aka ƙyanƙyashe su, ta kuma ware kuɗin diyya mai ma'ana ga wanda ya kawo rahoton ciwo da kansa. Wakilanmu na kowace gunduma su kai wannan gaban kansilansu a rubuce, su karɓo amsa a rubuce, za mu buga ta a wannan shafi da sunan wanda ya sa hannu.