Kyautar da Jelani Ya Fara Ci

Idan hira ta kai kan mutanen da yankin Tambuwal da Kebbe ke tinƙaho da su, ba a nisa sai an ambaci Jelani Aliyu. Asalinsa Dogon Daji, an haife shi a Kaduna a 1966, ya tashi a Sakkwato. Shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt mai aiki da lantarki, wadda kamfanin General Motors ya baje wa duniya a birnin Detroit na Amurka a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 kuma ya riƙe hukumar tarayya mai kula da zane da ƙera motoci. Wannan duk mun haddace. Abin da ba mu cika faɗi ba shi ne mafarin tafiyar: a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato ya gama sakandare da kyautar ɗalibin da ya fi kowa a darasin zanen fasaha.

A tsaya a dubi irin darasin. Ba na hadda ba ne. Yaro ne ke duƙawa a kan katakon zane da fensir da rula da kamfas, ya ja layi, ya auna, ya goge, ya sake ja, har sai abin da ke kansa ya fito a takarda da ma'aunin da maƙeri ko magini zai iya bi. Wani ya sayi katakon nan. Wani malami ya tsaya a kansa ya ga hannun na daban ne, makaranta kuma ta ga ya dace a kira sunansa a gaban jama'a. Sauran matakan a kan wannan aka ɗora su: karatun zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, tallafin karatu na Jihar Sakkwato da ya kai shi Detroit a 1990, da aiki a General Motors daga 1994.

Tambayar da ke damuna ita ce, yaron da ke aji huɗu na sakandare yau a Dogon Daji ko Sanyinna ko Kuchi, mai irin wannan hannu, a ina za a gan shi?

Ba yau gwamnati ta fara alkawarin koyar da sana'a a makaranta ba. A 1982, da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4, an yi odar injinan koyon fasaha daga ƙasashen waje, aka rarraba wa ƙananan sakandare. Da yawansu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, domin ba wuta, ba malamin da ya san kansu. A 2011 aka sake zuwa da darussan sana'a guda 34 a babbar sakandare, aka ce dole kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya. Makarantu suka yi abin da ya fi musu sauƙi, suka zaɓi waɗanda alli da allo suka ishe su. Yaro ya ci jarrabawar kiwon dabbobi da sakamako mai kyau, alhali a makarantar ko kaza ba a ajiye ba.

Yanzu ga zagaye na uku. A 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya, ƙarƙashin minista Tunji Alausa, ta taƙaita darussan sana'ar zuwa shida: haɗa sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, sai noman lambu da amfanin gona. Ta kuma ce karatu a kwalejojin fasaha na tarayya kyauta ne, har da ɗan alawus, kuma kashi 80 na lokacin ɗalibi a aikin hannu zai tafi. Na yi murna da jerin nan, domin kamar an leƙo yankinmu aka rubuta shi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, manomin rani a fadama ya san abin da injin ban ruwa ke ci, kuma duk mai hali yana komawa sola. To, wa ke ɗora faifan, wa ke lissafa ƙarfin famfon da rijiyar za ta ɗauka, wa ake kira idan ya tsaya ana tsakiyar shayar da shinkafa? Albasar da muke nomawa, mu da maƙwabtanmu na Aliero, nawa ke ruɓewa a ajiya kafin farashi ya tashi? Ga jar akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna har Turai, ga shanun Gudali. Waɗannan duk darussa ne, kuma ɗakin gwajinsu yana bayan katangar makaranta.

Amma fa idan aka bi hanyar da aka saba, sakamakon da aka saba za a gani. Kwalejojin fasaha irin na Farfaru da Runjin Sambo da Binji suna nan suna ƙoƙari, sai dai ba kowane uba ne a Kebbe zai iya tura ɗansa can ba, balle 'yarsa. Mafi yawan yaranmu a sakandaren jeka-ka-dawo suke, kuma ba na zaton za a gina wa kowacce ɗakin aiki cike da kaya nan kusa. Gwamnatin Jihar Sakkwato ta zamanin Aminu Waziri Tambuwal ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2015, an gina azuzuwa, an gyara wasu. Aji dai aji ne, ba ya koya wa yaro riƙe abin walda.

Abin da nake gani mai yiwuwa ne, kuma ba ya bukatar jiran Abuja, shi ne makaranta ta fita ta sami masu sana'ar gari. A Dogon Daji da Tambuwal akwai masu walda, da bakanikai, da teloli maza da mata, da masu gyaran waya, da samarin da suka koyi haɗa sola da kansu. A zaɓi amintattu daga cikinsu, da sanin iyaye da hakimi, a tura musu ɗalibai yamma biyu a mako. A ba mai shagon ɗan ihsani daga asusun ƙaramar hukuma. Malami ya riƙa zagayawa, kuma makin da yaro ya samu a shago ya shiga sakamakonsa na zango. 'Yan mata su je wurin mata masu ɗinki da masu kiwo a cikin gidaje, wadda kuma ta nuna sha'awar sola ko waya kada a hana ta. Jamus da ake yabon masana'antunta haka take yi: matashi na kwana uku ko huɗu a wurin aiki, ɗaya ko biyu a aji. Mu ma koyon sana'a a gaban ubangida har a yaye mutum tsohon abu ne a wurinmu. Abin da ya rage shi ne a haɗa shi da takarda, kuma hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna ta riga ta buɗe hanyar ba masu sana'ar hannu shaidar ƙwarewa.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, kuma ba zan raina maganarsu ba. Za su ce ba don ya zama yaron shago suka sa ɗansu boko ba. A ƙasan wannan magana akwai tsohon kallon da muke yi wa ƙira da jima da fawa, cewa gado ne na wasu gidaje, da kuma tunanin cewa makarantar fasaha ta wanda ya kasa ce. Akwai ma tsoro na gaskiya, kada a tura 'ya'yan talakawa shago a bar wa 'ya'yan masu hali likitanci. Maganin wannan shi ne kowa ya yi, ɗan hakimi da ɗan manomi, kuma kada a rage wa kowa lissafi da kimiyya ko Turanci. Wanda zai haɗa sola sai ya iya lissafin wutar da batir zai riƙe. Da yawan yaran da lissafi ya gagara a allo, ranar da suka ga amfaninsa a jikin waya da mita sai kansu ya buɗe.

Sannan a gyara ranar raba kyaututtuka. Yanzu wanda ya zo na ɗaya a aji da gwanin muhawara kaɗai ake kira. A ware fili a harabar makaranta, kowane aji ya baje abin da ya yi da hannunsa a shekarar: famfon da aka tayar, rumbun albasa mai shan iska da aka gwada aka ga kwana nawa ya riƙe, ragon da aka kiwata da lissafin abin da ya ci, rigar da aka ɗinka. A gayyato masu sana'ar gari su yi alƙalanci tare da malamai. Shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, da ɗan majalisar tarayya da suke tarayya a kansa, za su iya ɗaukar nauyin gasa ɗaya a shekara tsakanin makarantun yankin, kyautar kuma ta zama akwatin kayan aiki da kuɗin rajistar jarrabawar fasaha ta NABTEB. A fara da makaranta biyu, ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, a zangon karatu mai zuwa.