Waiwaye: Shekara Ashirin Kawu Yana Cewa "Sai Bayan Salla"

A shekarar 1982 ina aji shida na firamare, kuma ni ne magatakardan Kawu. Duk ranar Asabar nakan tafi rumfarsa a Kantin Kwari, in haye dilar atamfa in zauna, ya miƙo mini takardun da suka taru a mako: wasiƙar dillalinsa na Legas, rasiɗin masaƙa daga Kaduna, takardar banki. Ina karantawa, shi kuma ya lumshe ido yana jan carbi. In aka zo wurin sa hannu, sai ya dangwala babban yatsa a tawada, ya danna, ya yi maza ya goge da tsumma kafin maƙwabcin rumfa ya waiwayo.

Kada mai karatu ya ɗauka Kawu jahili ne. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi. Bashin mutane da ajami yake rubuta shi a wani dogon littafi mai baƙin bango, kuma in lissafin yadi da turmi ne, kafin mai biro ya gama jera lambobi shi ya ba da amsa da ka. Boko ne kaɗai ya tsaya masa a wuya, kuma abin yana cin sa. Na sha jin yana cewa, "Bana kam in Allah Ya so zan shiga ajin nan, in huta da ba yara sirrina."

Ajin kuwa ba nisa gare shi ba. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano a 1980, aka buɗe azuzuwa unguwa-unguwa, aikin da har UNESCO ta yaba da shi da lambar girmamawa. A 1982 Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar da gangamin koyar da manya karatu a ƙasa baki ɗaya. Kafin nan ma, tun shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci a Arewa, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai don manyan da suka fara haɗa baƙi. Mu a unguwarmu, a firamaren da nake zuwa da safe ake yin ajin da yamma. Daga ƙofar gidan Kawu ana hango tutar makarantar.

Bai taɓa shiga ba. In an yi masa magana sai ya ce sai bayan salla, yanzu kasuwa ta buɗe. Bayan salla ya ce sai an wuce damina. Shekarar da ya je aikin hajji ya ce sai ya dawo. Sau uku a sanina yana aike na in sayo masa littafin rubutu da fensir, kuma sau ukun na tarar da su bayan watanni a ƙarƙashin turamen atamfa, ko feƙe fensirin ba a yi ba. Akwai yammacin da ya shirya da gaske, ya sa babbar riga, ya ce in raka shi. Muna isa bakin aji ya leƙa ta taga, ya hango ɗan dakon da ke sauke masa kaya zaune a bencin gaba. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Mu koma ɗana, na tuna ban kulle sito ba." Na san ya kulle, don a gabana ya sa kwaɗon.

A gida kowa da fassararsa. Inna takan ce taurin kai ne irin na gidansu. 'Ya'yansa suka ce ba shi da lokaci, wasu a ɓoye suka ce lalaci. Ni ma na yarda da haka shekaru da yawa, ba tare da na tsaya na auna ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana buɗe rumfa da sassafe, ruwa ko ɗari, ta ina lalaci zai kama shi? Mutumin da ya yi shekara ashirin yana shan taba, ya dawo daga Makka ya yar da kwalin rana ɗaya bai sake waiwayarta ba, ai ba za a ce zuciyarsa ba ta iya ɗaure niyya ba.

Sai da na girma, na zama magidanci, har muna iya zama a tabarma ɗaya, sannan ya ba ni labarin. Yana ɗan shekara tara mai unguwa ya sa sunansa cikin yaran da za a kai elemantare. A makon farko malami ya tsayar da shi gaban allo ya ce ya kwafi kalma ɗaya. Yaron da ya saba da allon tsangaya, sai ya fara daga dama zuwa hagu. Aji ya tuntsire da dariya. Malamin ya ƙwanƙwashi kansa da alli ya ce wannan kan dutse ne, boko ba zai shiga ba. Bai cika wata uku ba mahaifinsa, wanda da ma ba son bokon yake ba, ya san yadda ya yi ya cire shi. Lokacin da yake ba ni labarin nan gemunsa ya yi fari fat, amma muryarsa rawa take. Ya tuna sunan yaron da ya fi kowa dariya.

Ashe abubuwa biyu ne kwance a ransa, bai taɓa furta su ba ko ga kansa. Ya gaskata cewa kansa ba ya ɗaukar boko, tunda malami ya faɗa. Kuma ya gaskata cewa ranar da aka ga Alhaji mai rumfa yana in'ina a kan "ba, be, bi" a gaban yaransa, girma ya faɗi, ba kuma zai tashi ba. Niyyar karatun gaskiya ce, ba yaudara yake yi ba sa'ad da yake sayen fensir. Amma a ƙarƙashinta akwai wani alkawari da ya girme ta, wanda ya ɗauka tun yana ɗan shekara tara: ba zai sake tsayawa inda za a yi masa wannan dariyar ba. Duk lokacin da biyun suka haɗu, tsohon alkawarin ne ke cin nasara, ya kuma samo wa kansa suna mai kyau, yau kasuwa, gobe damina.

Daga baya na ci karo da aikin wasu malamai biyu na Jami'ar Harvard a Amurka, Robert Kegan da Lisa Lahey, waɗanda suka fitar da littafi a kan wannan matsala a 2009. Abin da suka bayyana shi ne mutum kan ƙudura canji da zuciya ɗaya, alhali yana riƙe da wata ɓoyayyar manufa ta kare kansa daga abin da yake tsoro, ita kuma tana tsaye ne a kan wani zato da bai taɓa jarrabawa ba. Shawararsu ita ce a tono zaton, a gwada shi kaɗan-kaɗan a inda ba za a ji ciwo sosai ba. Ina karantawa ina ganin Kawu a bakin taga.

Allah cikin ikonSa, shi bai karanta Harvard ba, jikarsa ce ta warware abin. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, bayan shekara biyu aka saya masa tasa. Sunaye ba sa karantuwa gare shi, don haka lambobi yake haddacewa, har suka yi masa yawa. Akwai jikarsa 'yar shekara takwas da ke kwana a gidan, wadda yake kira amarya, ita kuma tana ce masa angona mai furfura. Wata rana ta ƙwace wayar ta ce, "Wai kai tsoho ko sunana ba ka iya ganewa? To na fasa auren." Ya yi dariya ya ce ta nuna masa. A al'adarmu jika ce kaɗai za ta yi wa dattijo tsiya a fuskarsa girmansa bai ragu da ƙwayar zarra ba. Ta yi masa dariya iya son ranta, ya rubuta harafi a juye ta ce ya sake, kuma ba abin da ya faru. Rufin ɗaki bai faɗo ba, washegari mutane suka gaishe shi a masallaci kamar kullum. Cikin wata huɗu yana karanta sunayen wayarsa da allunan shaguna. Ranar da ya rubuta sunansa a takardar banki ya kira ni, abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗana, ashe abin ke nan?"

Na yi murna, amma har yau in na tuna raina yana sosuwa. Abin wata huɗu ya ci masa fiye da shekara ashirin. A cikin shekarun nan ya dangwala yatsa a takardar wani fili da abokin cinikinsa ya karanta masa yadda ya ga dama, filin ya tafi. Bai kai ƙara ba, domin kai ƙara na nufin ya tsaya gaban alƙali ya ce bai iya karatu ba.

Ban ba da labarin nan don in nuna Kawu da yatsa ba, domin na tarar da irin nasa a jikina. Mahaifina shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa, bayan ya daɗe da hawan jini. Shekara bakwai ina cewa zan je a auna ni, ina cewa aiki ya yi yawa, alhali akwai kemis a bakin layinmu kuma awon bai wuce minti biyu ba. Gaskiyar ita ce na ɗauka ranar da aka ce ina da shi, na hau hanyar Baba ke nan. Da na je, awon ya haura 140 bisa 90. Likita ya ɗora ni a kan magani, aka rage gishiri da magi a girkin gida, kuma ga ni ina rubutu. Shekarun da na yi ina gudun awon, ciwon yana nan yana aikinsa, ban rage shi da komai ba.

Abin da ke damuna da mu shi ne saurin yanke hukunci. In mutum ya kasa cika abin da ya ɗaura niyya, sai mu hau shi da wa'azin dagewa, ko mu ce malalaci ne. Ba mu cika tambayar me yake gudu ba. Kuma mu ne masu kwaikwayon babban da ya yi tuntuɓen harshe a karatu, mu mayar da shi abin hira a majalisa, sannan mu yi mamakin me ya sa azuzuwan manya da makarantun dare suka fi cika da waɗanda ba su da girman da za su ji tsoron zubarwa. Kunya ado ce, amma wadda ta hana dattijo sanin abin da ke cikin takardar da yake sa wa hannu cuta ce.

Mai karatu, in akwai wani naka da ya daɗe yana cewa sai bayan salla, ka daina tuna masa ranar buɗe aji. Ka same shi shi kaɗai, a inda ba idon kowa, ka tambaye shi wa ya taɓa yi masa dariya, sannan ka zauna ku fara tare.