Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Jama'a, akwai wata al'ada tamu da ya kamata mu sāke dubawa. In magidanci ya kwanta ciwo a Kajiji, ko wani gari na ƙasar Shagari, akan shimfiɗa masa tabarma, a hana shi motsi, a bi shi da koko safe da yamma. Tausayi ne, amma yana zubar da naman jiki.

Ga dalilin maganarmu. Sankarar huhu ta kashe mutum wajen miliyan 1.8 a duniya cikin 2022. Amma in an gane ta da wuri, likita yakan iya fiɗa, ya cire sashen huhun da ya kamu, mutum ya rayu. To, likitoci sun lura cewa wanda tsokarsa ta zube kafin fiɗa ya fi samun wahala bayanta, ya fi daɗewa a gadon asibiti, kwanansa kuma yakan gajarta. Tun 1989 wani masani a Amurka, Irwin Rosenberg, ya ba wannan zubewar tsoka suna, yanzu kuwa har awo ake yi mata a hoton ƙirji.

Abin ba wuyar ganewa. Da tsoka ake numfashi, da ita ake tari. Wanda aka yi wa fiɗa, in ba shi da ƙarfin fitar da majina, sai ta taru a huhu ta zama wani ciwon. Kada kuma ƙiba ta ruɗe mu, gama mai teɓa ma yakan rasa tsoka.

Saboda haka, tarin da ya wuce mako biyu, a kai shi asibiti. In an gwada ba tarin fuka ba ne, kada a koma gida a zauna. Hanyar Boɗinga ta miƙe har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kafin ranar fiɗa kuwa, a ba majinyaci wake da ƙuli-ƙuli da nono da ƙwai da kifi, ya riƙa ɗan tattaki kullum, ya bar taba.

Mu malamai, wajibinmu ne mu koya wa ɗalibanmu wannan, su kai shi ƙauyukan da za su koyar. Wuƙa ta likita ce, amma ƙarfin jimre mata daga tukunyar gida yake fitowa. Allah ya ba mu lafiya, amin.