Inci Shida Tsakanin Kwami Da Bango

A ƙasashen da sanyi ke ratsa ƙashi, kamar Amurka da Kanada da arewacin Turai, magidanta da yawa sukan girka wani babban kwamin ruwan zafi a bayan gida, bisa dandamalin katako wanda ya haɗu da ƙofar baya. Ba kwamin wanka da sabulu ba ne. Wurin zama ne a cikin ruwa, mutum huɗu zuwa bakwai su shige shi, famfo na feso musu ruwa a gadon baya domin gajiya ta sake su. Matsakaicinsa yakan yi ƙafa 7 a tsawo da faɗi, ya ci ruwa kimanin lita 1,500, kuma ba a zubar da ruwan sai bayan wata uku ko huɗu. Dare da rana lantarki na riƙe da zafinsa, amma ba a yarda ya wuce digiri 40 ba, iyakar da hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka ta yi gargaɗi a kanta tun 1979. Mutane da dama sun fi sanin irin wannan kwami da sunan Jacuzzi, watau sunan iyalin nan 'yan asalin Italiya da suka zauna a Kalifoniya, waɗanda suka fito da famfon motsa ruwan wanka a 1956, sa'an nan a 1968 suka haɗa famfon da kwamin wuri guda.

To, ruwan da ake so ya kwana da zafi a fili, alhali dusar ƙanƙara na sauka, dole ne a rufe shi. Murfin kuwa ba ƙaramin kaya ba ne. Ɓari biyu ne na farin soso mai tauri, irin wanda ake tokare talabijin da shi a cikin kwali, an naɗe kowane ɓari da leda don kada tururi ya shige shi, an kuma suturta duka da wata leda mai kauri, aka bar gaɓa a tsakiya inda ake ninke shi biyu. Kaurinsa yakan kai inci 4 a tsakiya ya sirance zuwa inci 2 a baki, domin ruwan sama ya gangare. Yana sabo nauyinsa bai cika wuce kilo 20 zuwa 30 ba, amma da shekaru suka tura, magungunan tsabtace ruwa sukan cinye ledar ciki, soso ya sha tururi, sai a wayi gari nauyin ya ninka ko ya fi haka.

A nan ne maganar ta daina zama ta jin daɗi kawai. Murfin da sai mutum biyu sun kama kafin ya tashi, ranar da mutum ɗaya ne a gida jan sa zai yi a ƙasa, leda ta kece, ƙugu kuma ya amsa. Mafi muni, wanda ya sha wahalar buɗewa yakan yi ƙyuyar rufewa, ya ce sai an jima. Buɗaɗɗen kwami a gidan da ke da ƙananan yara bai da maraba da rijiyar da ba murfi. Saboda haka ne Amurkawa suka kafa wa irin wannan murfi ma'auni, mai lamba ASTM F1346, wanda ya wajabta ƙaramin murfi ya iya ɗaukar nauyin laba 275, kimanin kilo 125, ba tare da ya rufta ba, kuma a ɗaure shi yadda yaro ba zai iya zamewa ta ƙarƙashinsa ba. Sai dai ma'aunin ba ya amfanin komai in murfin na jingine da bango. Wannan ya sa aka ƙera maɗagi, watau wasu sandunan alminiyam ko ƙarfe da ake kafawa a jikin kwami, a ninke murfin a kansu, a tura shi baya da hannu ɗaya ya tsaya da kansa.

Wanda Allah ya hore wa fili mai yalwa ba shi da wata matsala, kowane iri ya saya zai zauna. Mai wahala shi ne wanda dandamalinsa ƙarami ne. A ɗauki misalin magidancin da faɗin dandamalinsa ƙafa 10 ne daga bangon ɗaki zuwa shingen katako, kwaminsa kuma ƙafa 7. Ƙafa 3 ce ta rage masa, a cikinta zai fitar da matakalar shiga, da hanyar wucewa, da wurin da murfi zai faɗa in an buɗe. Duk incin da ya ba murfi a baya, daga hanyar ƙafarsa ya yanko shi.

Maɗagai sun kasu ne gwargwadon inda suke kai murfin. Akwai mai kama da kanta, wanda ake tura ninkakken murfi ya kwanta a kansa. Shi ne mafi sauƙin ƙira, amma yana bukatar fili kusan rabin faɗin kwamin, don haka mai ƙaramin wuri ya cire shi daga lissafi tun da wuri. Akwai mai sauke murfin a bayan kwami, irin CoverCradle na kamfanin Hot Spring, wanda ke neman kimanin inci 24 a baya. Akwai mai sanda ɗaya da ke ratsa gaɓar murfi, kamar CoverMate I, wanda ke tsayar da shi a tsaye cikin inci 10 zuwa 15, ya kuma nemi kimanin inci 5 a kowane gefe domin hannuwansa su sami wurin juyawa. Na ƙarshe su ne waɗanda aka yi musamman don matsattsen wuri, irin su CoverMate III da Cover Valet, masu wadatuwa da kimanin inci 6, da UpRite mai neman inci 7. Galibinsu suna da sandunan iska irin waɗanda ke riƙe murfin but ɗin mota, su ne ke ɗauke wa mutum mafi yawan nauyin.

Mai saye yakan ga lambar inci 6 a jikin kwali ya ce shi ke nan, ya sami abin da yake nema. A nan kuwa ake yin kuskuren da ya fi kowane yawa, domin murfi ba ya ƙanƙancewa don an matse masa wuri. Filin da bai samu a baya ba, a sama zai nema. Murfin kwami mai ƙafa 7, in an ninke shi, tsayinsa ƙafa uku da rabi ne. Maɗagi mai inci 6 ba ya sauke shi ƙasa, a kan leɓen kwamin yake tsayar da shi kusan gaba ɗaya, kwamin kansa kuma ya kai ƙafa 3 daga ƙasa. In aka haɗa, saman murfin ya doshi ƙafa shida da rabi, ya ɗara tsawon yawancin maza. Idan akwai rumfa a bisa, ko indararo, ko bakin rufin ɗaki ya leƙo, to sai murfin ya ci karo da shi tun bai gama miƙewa ba. Idan kuma taga ce a bayan, duk lokacin da aka buɗe kwami an toshe wa ɗaki haske.

Tsayuwar tana da nata alheri. Inda gidaje ke manne da juna, tsayayyen murfi katanga ce da ke kare mai wanka daga idon maƙwabta, wasu ma don haka suke zaɓensa. Amma wanda ya girka kwaminsa don ya riƙa kallon tafki ko tsauni, in bai lura da gefen da murfin zai tsaya ba, leda zai yi ta kallo. Sa'an nan ga iska. Faifan da ya kai ƙafa 7 a faɗi, yana tsaye a sarari, kama iska yake yi kamar tabarmar da aka rataya, ta yi ta jijjiga sukurorin da suka riƙe maɗagin har su yi sako-sako, ko ta kifo murfin a kan na cikin ruwa. Wanda gidansa ke kan tudu mai yawan iska ya kamata ya nemi maɗagi mai makulli da ke riƙe shi in ya miƙe, ko kuwa ya haƙura ya ba da ƙarin inci domin murfin ya sauka ƙasa kaɗan.

Gefen da za a kafa shi ma ba a hannun mai gida kaɗai yake ba. Gaɓar murfi ita ke nuna inda zai faɗa. In kwamin tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, ana iya juya murfin ya ninku ta kowace fuska, amma in ɗaya ya ɗara ɗaya, fuska biyu ce kawai. Daga cikinsu kuma a cire wadda ƙofar inji take, inda famfo da na'urar ɗumama ruwa suke, domin mai gyara zai bukaci buɗe ta wata rana, kuma kwamin da ya cika ya haura tan ɗaya da rabi, ba mai matsar da shi. Kullin da murfin ke ɗaurewa da shi ma kada hannun maɗagi ya hau kansa. Abin takaici ne a sayi na'urar da za ta sauƙaƙa rufewa, ita kuma ta hana kullewa.

Hanyar kafawa uku ce. Ana iya ɗaure maɗagin a jikin kwamin da sukurori, wadda ita ce ta fi yawa, amma allunan da ake suturta kwami da su a yau galibi roba ce mai kama da katako, ba ta riƙe sukuru da kyau sai ya sami ginshiƙi a bayanta, kuma ya dace a karanta takardar garanti kafin a huda jikin kwami. Ana iya ɗaure shi a kan dandamali, wanda shi ne mafita in an nutsar da kwamin cikin katako har leɓensa kaɗai ya fito, da sharaɗin sukurun ya shiga ginshiƙin ƙasa, ba allon sama kawai ba. Ta uku ita ce faranti na ƙarfe da ake zurawa ƙarƙashin kwami, nauyin ruwa ya danne shi, ba huji ko ɗaya. Wannan ita ta fi dacewa da kwami mai zagaye, sai dai sai an kwashe ruwa kafin a zura, kuma irinta sun fi cin fili a baya. Masu hannu da shuni sukan tsallake duk wannan su sayi Covana, ƙirar lardin Kebek na Kanada, wanda mota mai lantarki ke ɗaga murfin sama a kan ginshiƙai ya zama rumfa. Ba ya faɗawa baya, amma kuɗinsa ya ninka na sauran sau da yawa, kuma shi ma sai sama ta zama a buɗe.

Sandunan iska da masu matsattsen wuri suka dogara da su suna da nasu hali. Ƙarfinsu yakan ragu a tsananin sanyi, daidai lokacin da aka fi sha'awar ruwan zafi, kuma bayan wasu shekaru sukan saki, sai an sauya. An auna ƙarfinsu ne da busasshen murfi. Wanda murfinsa ya riga ya sha ruwa, in ya ɗora shi a kan sabon maɗagi, zai lanƙwasa sandar tsakiya ko ya tsinke ɗinkin gaɓa, asara ta zama biyu. Sabon murfi ya kamata ya fara saya. Haka nan dusar ƙanƙarar da ta taru a kai, share ta ake yi kafin a ɗaga.

Magidancin nan mai ƙafa 3, in ya ba murfi inci 6 ya ƙara inci 2 don kada leda ta riƙa gogar bango, zai tsira da inci 28 a gaba, abin da zai ishi matakala da wucewar mutum ɗaya. In ya zaɓi mai inci 15, abin da zai rage masa bai kai ƙafa 2 ba, matakala kaɗai ta cinye mafi yawansa. Kafin ya biya kuɗi, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi: ya sami wani ya kama masa, su ninke murfin, su tsayar da shi a kan leɓen kwami daidai inda maɗagin zai riƙe shi, sa'an nan ya ja tef daga can zuwa bango, zuwa rufi, zuwa shingen gefe biyu, ya kuma shiga kwamin ya zauna ya ga abin da ya rage masa na kallo.