Wasiƙa ga 'Ya'yana Masu Kemis na Kanya Babba



Na san wahalarku. Tsakar dare ake ƙwanƙwasa muku ƙofa, ku ba talaka magani bashi har kaka. Allah ya saka da alheri. Yabon ya tsaya nan, domin hunturu ya kama, kuma abin da nake gani a shagunanku ya hana ni sakat.

Mutum ya zo da majina, maƙogwaro na ƙaiƙayi, gaɓoɓi na ciwo, sai ku ƙulla masa haɗi a leda: ja-da-yalo, Ampiclox, Septrin, wani ma ya ja shi bayan labule ya tsira masa allura. Wa ya koya muku wannan? Mura, har mai tsananin nan da ke kwantar da ƙato mako guda, bairos ne ke kawo ta, kafso kuwa bakteriya yake kashewa. Mai mura farasitamol yake so, da ruwa, da hutu. Kafson da kuka ɗura masa ƙwayoyin cuta kawai ya koya wa taurin kai, ranar da limoniya ta kama ɗansa sai maganin ya ƙi ci. Lasisin da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna, PCN, ta ba ku ma babu allura a ciki.

Za ku ce, "Baba, in ban ba shi ba, na kusa da ni zai ba shi." Wannan zancen mai sayar da goro ne, bai dace da mai riƙe da ran mutane ba.

Malaman disfensaren da suka rene mu tun zamanin En'e, da duba-garin da Makarantar Tsafta ta Kano ta yaye, ba su da rabin kayan da ke kan kantarku. Amma sun tashi cikin labarin marisuwa ta 1918, murar da ta shigo ta Legas ta bi layin dogo har Kano, suna tsoron atishawa a cikin taro. Maigidana ba ya taɓa ƙwaya sai da cokali. Yau fa? Yaron shago ya fyace hanci, ya goge a riga, ya ƙirga ƙwayoyi a tafin hannu. Ga randa a bakin ƙofa da moɗa ɗaya, mai tari ya haɗiye magani da ita, mai jego ta karɓa ta sha. Haba! Buta da sabulu nawa suke?

Kafson nan dai shi ya fi ci mini rai, don yana cinye lokacin da ya kamata ku yi wa mutum bayani. Akwai allurar rigakafin mura, duk shekara ake sabunta ta saboda ƙwayar na sauya kama. Ba ta cikin rigakafin yara na kyauta, amma Saudiyya na ba maniyyata shawarar yin ta. Tsoho, da mai juna biyu, da mai asma ko ciwon suga, ku ce su tambayi likita. Uwa kuwa ku duba katin ɗanta, ko an yi masa ta limoniya da ta ƙyanda.

Ku yi haƙuri da kaifin harshena, tsufa ne. Roƙona dai, kada ku ba yaro mai mura asfirin. In kuma kuka ga yana haki, ƙirji na lotsawa, ko ya ƙi nono, kada ku ɓata lokacin ƙulla leda, a nemi babur a kai shi babban asibitin Ɓaɓura.

Naku,
Tsohon malamin asibiti